Masar Farko

Tandar da nake suya da ita ta Innarmu ce. Da ta rasu, yayyena suka kwashi zannuwa da 'yan kunne, ni aka turo mini baƙar tanda da cokalin juyi, wai ni ce mai haƙuri da hayaƙi. Gidan aurena yana bayan layi, amma a ƙofar gidan Baba nake kafa murhu, nan Anguwan Rogo, daidai inda ita ma take kafawa.

Tare da tandar na gaji wata ƙa'ida da ba wanda ya taɓa faɗa mini da baki: masar farko ta Baba ce. Yana dawowa daga sallar asuba, da rigar sanyi a kan rigar sanyi, zai zauna a benci ya miƙo langarsa. Haƙoransa saura kaɗan, sanyin Jos kuma ba ya raga wa masa. Da ta huce sai ta zama roba. Don haka daga tanda sai langa, yana ci yana hura yatsu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa in ya gama sai ya ce, "Uwata, Allah ya yi albarka," sannan in fara sallamar jama'a.

Wadda ta jefa ni cikin harkar waya wata ƙawata ce, 'yar ƙabilar Ibo mai shagon takalma a Tina Junction. Ta zo karɓar masar biki, ta tsaya tana kallona tana girgiza kai.

"Sista, masa naka yana da daɗi, amma waye ya sani? Mutane na layi naka kawai. Sa shi onlayin mana! Duniya ya wuce wurin nan."

A tsaye ta buɗe mini shafi. Hoton farko da na sa, kafin azahar mutanen da ban taɓa gani ba suna ta Masha Allah. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kashe ni. Shekara da shekaru ina suya, mafi girman yabon da na taɓa samu shi ne, "Ƙaro mini miya."

Daga nan na shiga makaranta. Akwai wata malama a wayar da ke koyar da kasuwanci daga cikin mota, ban taɓa ganin abin da take sayarwa ba. Ita ta sanar da ni akwai wani abu wai shi algoridim. Ba wanda ya taɓa ganinsa, amma kowa na tsoronsa, kuma in ka kwana ɗaya ba ka ba shi hoto ba sai ya yi fushi ya ɓoye ka. Na sayi farin faranti. Na sayi fitila mai zobe. Na sayi sitiroberi, jajayen 'ya'yan itacen nan na Turawa, ina jerawa a gefen masa, abin da da Inna na raye ta gani sai ta sa a yi mini rubutu in sha.

Mabiya suka taru. Ciniki fa? Wata ta tambaya ko ina kaiwa Abuja da zafinta. Da yawa sukan rubuta "Nawa?", in na amsa sai su ɓace kamar na zage su. Wani ya nemi aurena saboda hannuna da ya gani a bidiyo, wani kuma ya yi mini wa'azi a kan hannun nan dai. Mutanen Kano suka ce waina ce, mutanen Bauchi suka ce masa ce, aka kwana biyu ana zage-zage a ƙarƙashin hotona, ba wanda ya sayi ko ɗaya.

Matsalar ita ce masar farko ta fi kowace kyau a hoto. Mai bai yi duhu ba, tururi na tashi a cikin sanyi. Sai ya zama tana fitowa zan ce, "Baba, minti ɗaya." In jera a faranti, in gyara sitiroberi, in hau kujera in ɗauka daga sama, in sauko in ɗauka daga gefe, in sake saboda inuwar wani ɗan keke ta shigo. Sannan in rubuta bayani, in amsa wa ta Abuja. Baba yana zaune da langa a cinya yana jira. In na juye masa sai ya yi ta mamula a hankali, ya sa albarka, ya shige. Har na taɓa ɗaukar hannunsa yana gutsura, na rubuta cewa babu kamar albarkar iyaye. Wannan hoton ya fi duk sauran samun yabo.

Wata safiya Baba bai zauna ba. Ya gaishe ni ya wuce ciki. Washegari ma haka. Na ce ko azumi yake, na ci gaba da hidimar algoridim.

Wani ɗan keke da ke karyawa a wurina shi ya fasa ƙwan. Yana lasar miya ya ce, "Hajiya, ashe tsoho ya canja sheƙa?"

"Wane tsoho?"

"Baba mana. Kullum yana bakin masallaci wurin waccan mai masar. Ai har talla take yi da shi."

Na san matar. Masarta kanwa ta yi mata yawa, miyarta kuwa ruwa ce da aka nuna wa alayyahu daga nesa. Da safe na bar ƙullu a rufe na lallaɓa. Tun daga kwana na jiyo muryarta: "A matso, a matso! Masar da uban mai masar intanet yake ci!" Layi ya miƙe har bakin kwata, rabinsu mutanena ne. Ga Baba a gefe, a kan bulo, da langar nan tasa, yana ci yana hura yatsu.

Na ji kunya, na ji haushi. Watanni ina neman tallan da zai ja mutane, ashe ni na haɗa shi da hannuna na aika wa maƙwabciya kyauta.

Na durƙusa kusa da shi. "Baba, ta fi tawa daɗi ne?"

Ya dube ni ba tare da fushi ba. "Ina fa, Uwata. Ko kusa. Da zafinta dai take bayarwa."

Ban goge shafin ba, kada in yi ƙarya. Yana nan, nakan sa hoto in na ga dama, da rana, bayan na wanke tanda. Algoridim ya yi fushin da aka ce zai yi, ya ɓoye ni, har yanzu ban ji ciwon ko'ina ba. Ƙawata ta ce na koma ƙauye. Fitilar zobe yara na karatu da ita in an ɗauke wuta, sitiroberin kuwa mun cinye.

Amma washegarin ranar da na same shi a kan bulon nan ita ce ba na mantawa. Na bar wayar a gida, ƙarƙashin filo. Na tare Baba tun daga kwanar masallaci na karɓi langar, na zaunar da shi a bencinsa. Masar farko na fitowa na juye masa, na zuba miya, na ɗora a cinyarsa, na koma kan tanda.

Na juya zagaye na biyu, na waiwaya. Bai taɓa ba. Ya janye hannayensa ya ɓoye a bayan langar, ya karkata jiki gefe don kada inuwarsa ta faɗa a kai, tururi na ta tashi a banza.

"Baba, ci mana, za ta huce."

Ya ɗago ya ce, "Kin gama ɗauka?"