Ragon Layya da Baturiyar Malam Tanko

Damina ce, shekarar nan da dumso ya addabe mu, wuta ta zo yau ta ɗauke kwana biyu. Kwata ta cika, kaya sun yi tsada, kowa a unguwarmu Nima ransa a kusa yake. Mutum ɗaya ne ko a jikinsa: maigidana Malam Tanko, Allah ya jiƙansa. Shi dai in gari ya waye ya ga Baturiya tana nan, to duniya lafiya.

Ku da kuka san shi kun san Baturiya. Don 'yan baya nake faɗa: tsohuwar mota ce shuɗiya, ya saye ta da gumin shekara talatin yana jan motar albasa daga Nijar zuwa kasuwar Agbogbloshie. Yana dawowa daga sallar asuba ita yake fara gaidawa. Ya ɗauki farin ƙyalle ya yi ta goga har sai ya ga furfurarsa a jikin ƙofa, sannan ya leƙo ya ce, "Amarya, kin tashi lafiya?" 'Ya'ya biyar na haifa masa, amma Amarya nake har ya koma ga Allah. Ƙyallen nan kuwa bai taɓa bari na riƙe ba. Wai hannuna akwai manja!

Lokacin da take fita, ya taɓa ɗaukar limaminmu zuwa ɗaurin aure a Maamobi. Liman ya ɗaga ƙafa zai shiga, Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, takalmi."

Liman ya ce, "Tanko, masallaci ne?"

Ya ce, "A'a. Masallaci jama'a ke sharewa, wannan ni kaɗai ne."

Wallahi a hannu liman ya riƙe takalmansa har Maamobi.

To, shekara tara ke nan Baturiya ba ta taka titi ba. Malam ya yi wata tafiya mai tsawo, kafin ya dawo maƙwabcinmu ya ja shago ya cinye bakin lungu. Ya auna lungu da igiya, ya auna mota, taƙi ɗaya tak ya hana. Aka ce ya kai ƙara wurin sarkin zango, ya ƙi.

"A rushe wa mutum wurin cin abincinsa saboda ni? Ai ba motata ce ta yi ƙiba ba, Nima ce ta rame. In ta murmure ma fita."

Duk Juma'a da la'asar sai ya ce in yi kwalliya. Mu shiga, ya tayar, ya kama sitiyari a tsakar gida, wai Kumasi za mu. Ran nan na tuna na bar miya a wuta, na buɗe ƙofa, sai ya daka mini tsawa: "Amarya! Muna kan gudu za ki dira?"

To, ranar jajibirin Babbar Sallah ta shekarar nan ya tafi aski, ya bar ni da ragon layya, ƙato mai ƙaho kamar an murɗa da gangan. Ruwa ya kece. Rumfa ɗaya ce a gidan, ta Baturiya. Tausayi ya kama ni, na ja rago na ɗaure a ginshiƙinta, na koma kan tukunyata.

Sai na ji gwaf! Na ɗauka tukunyar gas ce ta wani gida. Gwaf! Na fito a guje. Ashe rago ya dubi ƙofar da Malam ya goge, ya ga wani rago yana hararsa. Ya ja da baya, wancan ma ya ja. Kafin in kama igiya, ƙofa ta lotsa kamar kwanon tuwo, madubi yana reto.

Maƙwabciyata Mma Adiza ta leƙo, ta ɗora hannu a ka. "Ei, Hajara! Kin mutu kin lalace. Mutumin da ya cire wa liman takalmi? Tafi wurin yayanki a Maamobi har ya huce."

Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yin yaji ba, ban ma san abin da ake ɗauka ba. Na zuba zane biyu, da littafina na makarantar yaƙi da jahilci, har da ludayi, cikin jaka. Ina fitowa Malam yana sallama.

Ya tsaya. Ya zaga motar sau biyu. Ya tsuguna ya shafa wurin.

"Wa ya ɗaure shi a nan?"

Na ce, "Ni ce, Malam."

"Ruwa ake yi?"

"Ruwa ake yi."

"To, baƙo ne, ba a barin baƙo a ruwa." Sai ya juya ga rago. "Kai kuma direban wace tasha ne? Ina lasinka? Shekara talatin ina hanya ko kaza ban taka ba, yau an yi hatsari da ni mota tana tsaye!" Rago ya ce masa mee. Malam ya miƙe ya gyara hula. "Mma Adiza, ke shaida ce, ya amsa laifinsa. Gobe bayan Idi, hukuncin kisa. Babu ɗaukaka ƙara."

Ya yi ta dariya har da tari, Mma Adiza ta zauna daɓas a ƙasa. Yana share ido ne ya hangi jakar a hannuna, ludayi ya leƙo. Dariyar ta ɗauke.

Ya karɓi jakar a hankali ya ce, "Amarya, wannan ko ta yi fushi ba inda za ta je. Ke ce mai ƙafa. In kika fita lungun nan, wane makaniki ne zai gyara mini?"

Shi ya mayar da jakar ɗaki da kansa.

Washegari da aka sauko Idi aka zartar da hukunci, na soya hantar mai laifi da yaji mai yawa, na kai masa tana tururi, na zauna kusa da shi muka ci a kwano ɗaya.

Allah ya jiƙan Malam Tanko, ya haskaka kabarinsa, ya yi masa sassauci irin wanda ya yi mini ranar nan. Amin.