Batir ɗin da mahaifiyata take shanyawa a Setapak

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani ɗan fulat a Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur, ɗana ya kusa shekara huɗu bai taɓa furta kalma ba. Yana ji, yana dariya, in yana son abu ya ja zanina ya nuna. Likita ta ce kunnensa lafiya lau, mu ƙara haƙuri. Ni kuwa tsoro ya cika ni, kullum ina tunanin ko haka zai tashi.

Maigidana a kan batir yake digirinsa na uku, kuma duk lallashinsa labari ɗaya ne. Wai Ba'italiyen da ya fara ƙirƙiro batir, wanda ya jera faya-fayan jan ƙarfe da tutiya da tsumma jiƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, shi ma sai da ya kai huɗu kafin ya yi magana, har danginsa sun fitar da rai.

"Relax lah, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Wa ya sani ko professor muke raino?"

Na ce, "Ni ba batir nake so ya ƙera min ba. Umma kawai nake so ya ce."

Ana haka mahaifiyata ta zo mana daga Kaduna, da tocilarta a jaka. Na ce Mama, nan fa ba a ɗauke wuta. Ta ce ita ba ta yarda da wutar kowa ba. Kowace safiya sai ta zare batiran ta jera su a baranda su sha rana, wai su farfaɗo, kamar yadda take yi tun muna yara. Maigidana zai tsaya yana kallo, bakinsa na motsi, amma kunyar suruka ta hana shi cewa uffan. Sai mun shiga ɗaki ya yi min laccar da ita ya kamata ya yi wa.

Jikan nata ta ɗauka aiki. "Zo nan, angona marar magana, riƙe min wannan." Shi ke jerawa, shi ke juyawa. Ba ta taɓa ce masa "ce kaza" ba, ni kuwa da wannan na ishe shi. Hira kawai take masa kamar da babba.

Mama ba ta san halin ruwan Kuala Lumpur ba, wanda ba ya sallama. Wata la'asar tana salla, ina kicin, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Na ji gudu, sannan wata murya da ban taɓa ji ba, ƙarama, a shaƙe.

"Kaka, ruwa. Batir."

Ludayin hannuna ya faɗi. Na zauna a ƙasan kicin na yi ta kuka. Mama ta idar da sallarta a natse, ta shafa, ta ce, "To angona, je ka kwaso mana."

Yanzu yaron nan sai an roƙe shi yake yin shiru. Har yau ina ɗan jin kishi, batir ya riga ni shiga bakinsa. Maigidana kuwa ya ci gaba da cewa rana ba ta cajin batir, amma washegarin ranar da idona na gan shi a baranda, yana taya su jerawa.