Itatuwan da Baba Ya Sare a Makka

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarun da abin nan ya faru ni mai tuwon sayarwa ce a Misfala, nan kudu da Harami. Ba ni da igama, wato takardar izinin zama, ba ni da miji, kuma ba na tsoron kowa sai askarawa, 'yan sandan ƙasar. Tun da ƙuruciyata na zo Makka na zauna, na koyi Larabcin kasuwa, na san lungun da ake bi da wanda ba a bi. Ina da baki, wannan kowa ya shaida, kuma a lokacin gani nake na gama sanin garin nan ciki da bai. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba. Labarin mahaifina zan bayar, wanda har yau in na tuna shi ba kuka nake ba, sai dai in ji ƙirjina ya yi dum, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Baba manomi ne, tun tasowarsa bai san wata sana'a ba. Da mahaifiyarmu ta rasu sai ya sayar da gonarsa ya zo umara cikin azumi, ya sauka a ɗakina. Da lokacin komawa ya yi ya ce shi fa ya zo ke nan. Ya ce ya yi noma ya gaji, ya aurar da na aurarwa, abin da ya rage masa a duniya ɗaya ne, ya mutu a Makka a binne shi a ƙasarta. Ban yi masa musu ba. Na ce to Baba, ga ɗaki, ga tuwo, sai dai ya rage yawo saboda kame.

To amma zaman ɗaki ya fi ƙarfin mutumin da ya saba fita gona da asuba. Ina gani Baba ya fara lalacewa, ya rage cin abinci, ya yini yana kallon bango. Sai na tuna da wani dattijon Balarabe da nake yi wa iyalinsa girki a Aziziyya lokacin hajji, mutumin kirki, wanda na ji yana neman mai gadi. Yana da fili a bayan gari, kan hanyar Arfa, kafin a kai alamun iyakar Harami. Ya kewaye shi da katanga amma bai yi gini ba, masu tifa kuma sun mayar da bakinsa wurin zubar da ɓaraguzai. Akwai ɗan ɗaki da tankin ruwa a ciki. Na kai Baba, dattijon ya gaishe shi da girmamawa yana ce masa ya hajj, ya ce ba ya son komai daga gare shi sai ya zauna ya hana zubar da shara. Ni na yi musu tafinta, kuma iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Filin cike yake da itatuwan daji. Akwai wani mai ƙaya da Larabawa ke kira samur, kamar farar ƙayarmu, ga magarya guda biyu, ga tumfafiya da ciyayi. Ba wanda ya shuka su, Allah ne ya fito da su. Da na koma duba shi sai na tarar ransa a ɓace. Ya ce shi bai taɓa ganin fili mai kyau haka an bar shi ya zama daji ba, ya ce a garinmu in aka ga gonar mutum haka sai a ce ko ya mutu ne ko ba shi da 'ya'ya. Ya ce kunya yake ji ya ci abincin mutum yana zaune, in sayo masa gatari da adda ya yi wa bawan Allahn nan sassabe, ranar da ya zo ya ga wurinsa fes ya ji daɗi. Sannan ya tambaye ni, ya ce ya tuna malamin da ya koya musu umara ya ce ba a sare itace ba a cire ciyawa, shin wannan bai shafe shi ba? Ni kuwa ko tunani ban yi ba. Na ce haba Baba, ai wannan ga mai ihrami ne, shi kuwa ya kwance nasa tun yaushe. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, irin na wadda ta daɗe a gari. Ya ce to, ai ke kin fi ni sani. Washegari na kai masa gatarin.

Wallahi Baba ya farfaɗo. Duk zuwan da na yi sai in ga ya ƙara cin gaba, ya sare, ya tumɓuke kututture, ya kakkaɓe ƙaya, ya faskara itacen ya jera shi a gindin katanga tsaf yadda ake yi a gida. Ya koma cin tuwo malmala biyu, har tsokanata yake yi wai miyata ba ta kai ta uwata ba. Ni ma na samu rabona, don nakan ɗebi itacen a buhu in kawo Misfala in yi girki da shi a kan soro. Masu sayen tuwona suna ta santi, suna cewa sun daɗe ba su ji ƙanshin tuwon itace ba. Na sha jin ana cewa hukuma na kama masu itacen daji, amma na ɗauka da masu lodin mota ake, ba da tsohon da ke gyara filin maigidansa ba. Sai ma na riƙa ce masa ya ƙara himma.

Wata Juma'a Baba ya zo wurina don ya yi salla a Harami, sai ya kwana. A ranar ne ma'aikatan kula da muhalli suka bi ta hanyar, suka hangi tarin itacen ta saman katanga, suka shiga suka ɗauki hotunan kututturan, suka nemi mai filin. Shi ya kira ni a waya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Ya ce a dokar ƙasar nan ko fili naka ne ba ka da ikon taɓa itacen da ya fito da kansa sai da tasrihi, wato izinin hukuma, kuma shi izinin yake jira, shi ya sa ya bar wurin haka. Ya ce tara ce mai nauyi za ta hau kansa, a kan kowane itace daban. Ya ce bayan haka filin yana cikin iyakar Harami, shin mu ba mu san ba a sare itacen Harami ba? Ya ce bai ambaci Baba ba kuma ba zai ambace shi ba, zai ɗauki abin a kansa, amma in riƙe tsohon a gida, kar ya sake zuwa wurin. Na ce to. Na ajiye wayar na ci gaba da tankaɗen garin da nake yi.

Na so in ɓoye wa Baba. Na ce masa mai filin ya yi tafiya, na ce hanya akwai kame, ƙarya dai iri-iri. Shi kuwa kullum maganarsa ya bar aiki rabi, akwai sauran kututture a kusurwar gabas. Da ƙaryar ta ƙare min sai na faɗa masa gaskiya. Sai ya sa takalmi ya tafi ɗan masallacin unguwarmu wurin wani malami Bahaushe, daga cikin zuriyar da suka zo ta Sudan. Malamin ya ce masa hanin na ƙasar Harami ne, da ihrami ko babu, amma tunda bai sani ba ya yi istigfari, Allah mai gafara ne, ya kwantar da hankalinsa. Da ya dawo na zauna ina jiran ya tuna min cewa ya tambaye ni tun farko. Bai tuna min ba, a ranar ko bayanta. Abin da kawai ya tambaya shi ne me za a yi wa mai filin.

Daga nan ya kafe. Ya ce tsakaninsa da Allah ya ji, zai yi ta istigfari, amma mutumin da ya ba shi ɗaki da ruwa ba zai biya laifin hannunsa ba. Zai je ya ce shi ya sare. Na ce Baba kana hayyacinka kuwa? Na ce mutum marar igama in ya kai kansa gaban hukuma tarhil ne, za a ɗauki zanen yatsunsa a sa shi a jirgi, kuma ba shi ba dawowa. Na ce mai filin yana da hali, shi da bakinsa ya ce a bar masa. Na ce gonar da zai koma ma ya sayar. Na yi magiya, na yi masifa, har na ce in ya fita kar ya sake ce min 'yarsa. Ya bari na gama sarai, sannan ya ce shi ya zo ne ya kwanta a ƙasar nan da tsabta, ba zai shige ta da haƙƙin wani a wuyansa ba. Na riƙa kulle shi a ɗaki in zan fita, ubana, kamar akuya.

Ya ji ni ina faɗa wa wata maƙwabciya cewa matar mai filin ta gaya min a waya ranar da ma'aikatan za su koma wurin su sake dubawa. Da safiyar ranar ya ce in bar masa ƙofa zai je masallaci, na bari. Ban san yadda ya yi ya kai kansa can ba, mutumin da ba ya jin Larabci. Mai filin ne ya ba ni labarin sauran. Ya ce da suka iso sai suka tarar da shi zaune a kan tarin itacen, gatarin a kan cinyarsa. Ya ce ya yi ta yi masa alama da ido ya tashi ya tafi, Baba ya miƙe, ya nuna kututturan, ya nuna ƙirjinsa. Suka tambaye shi igama, babu. Ba su wulaƙanta shi ba, in ji dattijon, har ruwa suka ba shi kafin askarawa su zo.

Ban je ganinsa a gidan tarhil ba. In na je ni ma ba zan fito ba. Na aika masa da kayansa ta hannun wata mai takarda, na koma kan tukunyata. Maƙwabta suna ta shigowa jaje suna kuka, ni ina ba su tabarma ina ce musu sannu da zuwa. Na tambayi mai filin ko abin da Baba ya yi ya rage masa wani abu a tarar, ya ce don Allah in bar wannan maganar. Har yau ban sani ba.

Da aka mayar da shi gida, ɗan wansa ne ya ba shi ɗaki a zaure. Mukan yi waya, ya tambayi ciniki, ya tambayi zafin gari, ya ce in gaishe da dattijon. Ko sau ɗaya bai ambaci itatuwan ba, ni ma ban iya buɗe baki na ce ya yafe min ba, kullum sai in ce sai kira na gaba. Bai kai azumi biyu a can ba. An kira ni da hantsi ina tuƙin tuwo aka ce Baba ya cika, har an kai shi. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na kashe wayar, na ƙarasa tuƙin, na kwashe, na sayar. Wata da ta sayi tuwo a ranar ma ta ce na cika mata gishiri a miya, na ba ta haƙuri.

Bayan wani lokaci izinin mai filin ya fito. Na bi ta hanyar a motar haya zan je aikin abinci a Arfa, na ga katafila ta baje wurin, har an fara zuba ginshiƙai. Abin da ya rage daga itatuwan an kawar da shi a yini guda, bisa doka. Na kalla har muka wuce.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. 'Yan'uwana da ke zaune a ƙasar nan, musamman masu gadin filaye da gonaki, ku sani abin da muke kira gyara a gida, a nan laifi ne. Itacen da ba mutum ya shuka ba kar ku taɓa shi, ko mai wurin ne ya ce ku sare, ku tambaye shi ina izini. In a cikin iyakar Harami ne, ku je ku tambayi malami tukuna. Ku kuma da kuka daɗe a gari, in baƙo ya tambaye ku abin da ba ku tabbatar ba, ku ce ba ku sani ba. Ba wuya faɗinsa. Tsohon nan ya yi shakka, ya yi abin da ya kamata, ya tambaya, sai dai wadda ya tambaya ce ta ba shi amsa don kar a ce akwai abin da ya shige mata duhu. Waɗanda suka amince da mu ba sa sake bincike bayan mun yi magana.

Har yanzu ina Makka, ina tuwo, na koma girki da gas. In na samu hanya nakan je Harami in yi salla. Kusan bayan kowace salla sai an yi shelar sallar gawa, a kawo mutanen da ban sani ba daga ƙasashen da ban taɓa ji ba, wasu ma kwanansu kaɗan da sauka a garin. Nakan miƙe in bi sahu in yi kabbara tare da jama'a. Idan aka sallame sai in nemi takalmina in koma Misfala, don akwai masu jiran tuwon dare.