Ranar da Baba ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga rana

Ko da zan manta da komai a duniya, ba zan manta da wani hantsin Laraba a tsakar gidanmu na Tahoua ba. Shekara tara ke nan, amma har yau ina jin ƙamshin bagaruwa idan na tuna.

Mahaifina majemi ne, ɗan asalin Barmou. Idan aka kawo masa fata, ba ya sauraron surutun mai ita. Ɗaga ta yake yi ga rana, duk inda huda take sai haske ya tona mata asiri.

An taɓa yi masa aikin ciwon dajin hanji a Yamai, ya warke sarai, har muka yi sadaka. Bayan shekara biyu sai tari ya kama shi. Muka dinga ɗura masa zuma da citta, don wa zai haɗa tari da hanji? Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na kai shi aka ɗauki hoton ƙirji.

Likita ya kira ni ni kaɗai. Ya ce ciwon ne ya bi jini ya sauka a huhu. Da tabo ɗaya ne a gefe guda, ana iya yanke shi, mutum ya ƙara shekaru. Amma na Baba ya watsu a huhu biyu kamar an yafa gero. Magani zai iya jan lokaci, ba zai warkar ba.

Ni da taurin kaina na yanke hukunci ba zai ji ba. Na ce masa sanyi ne, na tura hoton ƙarƙashin katifa. Duk lokacin da ya ce zai je Barmou ya ga gonarsa da 'yan'uwansa, sai in ce ya bari ya ji sauƙi. Wata biyu cur ina wannan ƙarya, ina ganin tausayi nake yi.

Ranar nan na fito da katifa shanya, hoton ya faɗo. Kafin in kai hannu ya riga ni. Ya ɗaga shi ga rana, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, taho nan," in ji shi. "Hwata mai huda guda, a yanke wurin a yi aiki da saura. Wagga kuwa, mi za a hidda cikinta?"

Na fashe da kuka.

"Bar kuka. Kin so ni, na sani. Amma kwanakina ne kinka riƙe, ba naki ba. Kai ni gida."

Washegari muka tafi. Sai dai ƙarfin da yake da shi wata biyu baya ya riga ya gudu. A amalanken jaki aka kai shi gona, bai iya sauka ba. Ƙanensa ya karyo masa zangarniyar gero, ya riƙe ta yana murmushi yana haki. Kwana goma sha tara ya yi a Barmou, Allah ya karɓi abinsa.

Hoton yana nan a akwatina. Wani lokaci kewarsa takan sa in ɗaga shi ga rana, ba don in ga tabon ba, don hannunsa ya taɓa wurin. Na koyi cewa mai sauran kwana kaɗan shi ya fi kowa haƙƙin sani. Da na faɗa masa tun farko, da da ƙafarsa ya shiga gonar nan.