Ƙotar Bindigar Gonpei

"Wai an ce ƙotar ta tsage."

"Ta wa?"

"Ta marigayi Gonpei mana. Tun daga wajen kunama har gindi."

"To ai ta bi mai ita ke nan. Sai a rataye ta a bango."

"'Yarsa ta ce ita za ta harba ta a bikin bana."

"Michiyo mai tuƙa bas? Da wace ƙotar?"

"Ta kai wa tsohon can mai ƙofofi."

"Tokuji? Yana gani kuwa har yanzu?"

"Kwalbar giyar shinkafa dai yana hango ta tun daga bakin gada."

A gidan wanka na unguwa aka yi wannan hira, cikin tururin da ba ka gane fuskar na kusa da kai. Shi kuwa Tokuji Wagatsuma yana can lungu, ruwan zafi har wuya, ɗan tawul a ka, yana jin su tsaf. Da ya tashi fita ne ya yi tari mai ƙarfi, don su san da shi, sai gidan wankan ya yi tsit.

Tokuji ba maƙerin bindiga ba ne, kuma bai taɓa harba ta ba. Sana'ar ƙofofin takarda ya gada wurin ubansa, irin waɗanda ake turawa gefe, kuma da wuya ka shiga tsohon gida a ƙauyenmu ba ka tura ƙofar da ta fito daga hannunsa ba. Gonpei Shikama ne ya jawo shi cikin harkar bindiga. Tare suka yi makaranta, tare suka sha duka a kan satar 'ya'yan itace, sannan Gonpei ya zama manomin shinkafa, ya kuma gaji gurbin gidansu a sahun 'yan bindigar ƙauye.

Kowace shekara idan dusar ƙanƙara ta narke, mutanen sahun sukan saka sulken kakanni su jeru a bakin kogi, kowa da tsohuwar bindigar sojan da aka bar wa gidansu, mai aiki da igiyar wuta. Albarushi zalla ake ɗurawa, ba harsashi, amma ƙarar takan tayar da hankakin duk kwarin. Wata shekara suna samari Gonpei ya yar da tasa a kan dutse, gefen ƙotar ya ɓalle. Tsoron ubansa ya sa ya naɗe ta a tabarma ya kawo wa Tokuji, ya ce mutumin da ke gyara ƙofa ai ba zai kasa gyara ɗan guntun itace ba. Tokuji ya zage shi, sannan ya gyara. Daga nan bindigogin kwarin suka riƙa zuwa shagonsa ɗaya bayan ɗaya, har ya tsufa a kansu.

Abin da ya koya tun farko shi ne, bindigoginmu ba a kafaɗa ake tokare su ba. Ƙotar gajera ce, a kunci ake ɗora ta. In ta zauna daidai da fuskar mai ita, ƙarfin harbin sai ya wuce ta gefen kunne salin-alin. In ba ta zauna ba, mari za ta ɗauke ka da shi, bakin bindigar ya yi tsalle, igiyar wuta ta nufi albarushin maƙwabcinka. Shi ya sa duk wanda ya kawo masa aiki, kafin ya dubi bindigar sai ya kama haɓarsa ya juya fuskar hagu da dama, kamar mai sayen kabewa.

Fuskar Gonpei kuwa ta ba shi aiki. Da haƙoransa suka zube aka yi masa na roba, a bikin farko da ya harba da su suka fice suka faɗa cikin ciyawa a gaban jama'a. Tun daga ranar ya rantse ba zai ƙara shiga sahu da su ba. Kuncin ya lotsa, ƙota ta daina zama. Sai Tokuji ya manna mata siririn itace a wurin, ya goge. Da shekara ta zagayo kuncin ya ƙara faɗawa, ya ƙara wani. Duk ƙarshen sanyi sai ka ji Gonpei ya turo ƙofar shago ba sallama.

"Toku, fuskata ta sake raguwa. Cika min."

"Wata rana ƙotar za ta fi ka nama."

"Ai ta daɗe da fin ka hankali."

Haka har ƙotar ta yi wani ɗan tudu a gefe, wanda ba ya dacewa da kuncin kowa a duniya sai na mutum ɗaya. Da kakar bara, ana tsakiyar yankan shinkafa, mutumin ya rasu.

Ranar da Michiyo ta kawo bindigar, ta gaya masa abin da Umetsu shugaban sahu ya ce. Da tsagaggiyar ƙota ba mai tsayawa a bakin kogi. In an yi sabuwa, zai gwada ta kafin biki, ya ga yadda take zaune a fuskarta. In ta yi tsalle, gurbin gidan Shikama sai a rufe shi, a matso da na gefe. Tun zamanin kakanni ba a taɓa jeruwa babu ɗan gidan ba.

Tokuji ya ɗaga kai ya dubi rufin shagon. Akwai wani gungumen jan itace mai tauri a kan azara, wanda ba ya fitowa a ƙasarmu ta sanyi. Gonpei ne ya ɗauko shi daga kudu a jirgin ƙasa, tun Michiyo tana goye, ya yi ta rigima da mai duba tikiti a kansa. Ya ce a ajiye saboda wata rana. Gungumen shi kaɗai ne, ya bushe yadda ake so, kuma ba a samun irinsa a kasuwa a ce za a yi aiki da shi bana.

Duk tsawon sanyin nan yana kansa. Dusar ƙanƙara ta kai rabin taga, shi yana zaune kusa da murhu da zarto da magagari da 'yan wuƙaƙensa. Ramin da ƙarfen bindiga zai kwanta shi ya fi cin rai. Yakan turara ƙarfen a kan fitila har ya yi baƙi, ya kwantar da shi cikin itacen, ya ɗaga. Inda baƙin ya taɓa, nan ne itace ya yi yawa, sai ya fere wurin kaɗan, ya sake turarawa. Ƙusa ba ta shiga wannan aiki, da 'yan tsinken gora ake kafe ƙarfen. Maƙwabta sun ce sukan ji shi yana magana shi kaɗai, wani lokaci har da zagi, wani lokaci dariya. Tsohuwar ƙotar tana gabansa a kan tabarma, amma da ya zo gefen kunci ko kallonta bai yi ba. Hannunsa ya san hanya.

Da ruwa ya fara ɗiga daga rufin gidaje, Michiyo ta zo bayan ta ajiye bas, da kayan aikinta a jiki da ƙunshin wainar shinkafa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana shafa sabuwar ƙotar. Sannan ta miƙe, ta ware ƙafa yadda ubanta ke yi, ta ɗora ta a kunci.

Michiyo fuskar uwarta ta ɗauko, zagayayya, mai cikakken kumatu. Tudun da ke gefen sabuwar ƙotar ya tokare mata ƙashin ƙasan ido, kanta ya karkace, idonta ya kasa bin saitin bindigar. Ta sauke, ta sake ɗorawa. Ta sauke. Ta sa babban yatsa ta bi tudun a hankali.

"Kawu," ta ce, "wannan ai ta Baba ce."

Tokuji ya buɗe baki zai ce tsohuwar ya kwaikwaya, sai ya rufe. Shi da ke kama haɓar kowa, ranar da ta kawo aikin bai ko dubi fuskarta ba. Ashe duk sanyin nan yana sassaƙa wa mutumin da ke kwance a maƙabartar haikali.

Ta lura da shi. Sai ta hau cewa ba komai, za ta saba, in ta ɗan langaɓar da kai idon yana kaiwa, kuma Umetsu ma ba gani yake sosai ba. Ta ce a bar ta yadda take. Ya san ba don bindigar take faɗa ba. Shi ma ransa ya so ya ce to. Tudun nan shi ne abin da ya rage na fuskar Gonpei a duniya, ga shi sabo fil, zai fi su duka daɗewa. Amma ya san abin da zai faru a gaban Umetsu: ƙara, tsalle, kumburarren ido, sannan a matso da na gefe.

Ya jawo fitila ya kunna. Ya turara gindin faranti har ya yi baƙi, ya dangwala da yatsa biyu.

"Matso da fuskar nan, 'yar nan."

Ya shafa mata baƙin daga ƙasan ido zuwa haɓa. Ta ɗora ƙotar, ta sauke, sai ga tabo baƙi ƙirin a ƙololuwar tudun. Ya ɗauki wuƙar da ta fi kaifi. Ya ɗan jima da ita a hannu kafin ya sa. Ɓawon farko ya naɗe ya faɗi kan gwiwarsa, siriri kamar takardar ƙofa.

Haka suka yi ta yi har rana ta karkata, shafa, ɗora, fere. Ta hango kanta a gilashin taga ta fashe da dariya, ta ce fasinjojinta za su ce ta kwana a murhu. Ya ce ta daina, kuncin yana motsi, ubanta ma haka ya hana shi aiki shekara da shekaru. Tabon yana ta faɗaɗa, tudun yana ta kwanciya, har baƙin ya fito shimfiɗe bai ɗaya, daidai faɗin kumatunta. Ta ɗora ta karo na ƙarshe, kanta a miƙe, idonta a kan saiti. Ba ta yi saurin saukewa ba.

"Ta zauna, Kawu."

Ya gyaɗa kai, yana tattara ɓawon itacen da tafin hannu.

Al'adarmu ce, kayan aikin da ya gama yi wa mutum hidima ba a jefar da shi a bola. Haikali ake kai shi, a yi masa addu'ar godiya, sannan a ƙone. Michiyo ta zo da farin ƙyalle don haka. Ta goge fuskarta, ta durƙusa, ta ɗauki tsohuwar ƙotar da hannu biyu ta fara naɗewa. Gefen kuncin ne ya rage a waje, baƙi sumul saboda gumin shekaru, ana ganin layin kowane siririn itace da aka ƙara.

Tokuji ya ɗora hannu a kan ƙyallen.

"Michi, kada ki kai ta bana. Bar min ita a nan kusa da murhu, zuwa baɗi."