Babur ɗin Baba da Ƙwaryar Gyartai

Kakata ba ta taɓa yarda cewa abin da ke jikin bangon falonmu a Manchester wuta ce ba. Murhun gas ne irin na tsofaffin gidajen haya na hukuma, mai shuɗin harshe a bayan ragar ƙarfe. Takan ce wutar da ba ta hayaƙi, ba ta toka, ba a gasa gyaɗa a cikinta, ai hoton wuta ce. Duk da haka, da zarar duhun hunturu ya rufa, tun kafin a sauke tuwo, sai ta ja kujerarta har gwiwoyinta na neman taɓa ragar, ta yafa bargo, ta kira ni da ƙanena Bulus. Daga ƙauyenmu na kudancin Bauchi aka ɗauko ta don ta taya Mama renonmu, kuma ba ta zo da komai ba sai Littafi Mai Tsarki, ƙullin daddawa da tatsuniyoyi.

"Ku matso, na zo muku da wata daga gida," haka take farawa. Mu amsa da Hausarmu da ta sha ruwan Manchester, ta girgiza kai ta ce ko akuyar maƙwabta ta fi mu iya magana.

A bayanta kuwa, a kan jaridun da aka shimfiɗa saboda kafet, Baba ne zaune da tsumma a hannu da hanjin babur kewaye da shi.

Baba bakanike ne a garejin motocin bas. Wani tsohon Bature abokin aikinsa da zai yi ritaya ya bar masa wani babur na zamanin da, a wargaje cikin kwalaye. Irin wanda ake wasan hawan duwatsu da shi ne: mutum yana tsaye a kai, yana lallaɓawa ta cikin rafi da saiwoyin itace da laka, kuma duk sanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa an ci shi. Ranar da Baba ya yi wa Kaka wannan bayani, ta daɗe tana kallonsa.

"Ishaku, yana ɗaukar buhun masara?"

"A'a, Inna."

"Yana kai mai ciki asibiti?"

"Ba a goyo da shi. Wurin zaman ma ɗan mitsitsi ne."

"Yana gudu dai?"

"Ai gwaninta a nan ita ce a tafi a hankali."

"To Allah ya shirye ka," in ji ta, ta juya wa kwalayen baya.

Gidan nan namu ƙarami ne, babu gareji, don haka babur ya zama ɗan gida. Sarƙa tana jiƙe a robar wanki, tankin mai yana kan firji, fulogi a cikin kofin shayi. In ka tashi fitsari sai ka taka noti. Mafi muni shi ne daren jajibirin bikin godiya na coci, da Mama ta yi alkawarin kai wa zumuntar mata kek. Ashe da rana Baba ya ɗumama murfin injin a cikin oven don boris ya shiga da sauƙi. Kek ya fito kyakkyawa, yana warin baƙin mai. Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta yanka babban yanki ta ajiye a gabansa, ta tsaya a kansa har ya cinye.

Tatsuniyar gyartai kuma a Birmingham aka yi cikinta. Wata Asabar Baba ya ce mu shirya, za mu gaida ’yar’uwar Mama a unguwar Lozells da ke Birmingham. Muka yi kwalliya, Kaka ta ɗaura zanenta na Lahadi. Da muka shiga garin sai ya ce bari ya ɗan tsaya a unguwar Sparkbrook, akwai wani mutum a bayan layi mai tsofaffin kayan babur, tunda a garin aka ƙera irinsa tun asali. Ya bar mu a mota. Muka ga masallata sun shiga azahar sun fito, muka ga sun dawo la'asar. Bulus ya yi kuka, ya yi barci, ya farka ya sake kuka. Da Baba ya fito, rigarsa duk tsatsa, yana rungume da kafireta kamar jariri, lokacin ziyara ya wuce. Da muka koma gida ya gwada ta, ba ta shiga ba.

Washegari da yamma Kaka ta ja kujerarta, ta ɗaga murya yadda na bayanta zai ji.

Wai an yi wani gyartai, mai ɗinkin fasassun ƙore, wanda babu kamarsa a ƙasar. Wata rana a bakin rafi ya tsinci ɓarin wata tsohuwar ƙwarya mai zane, ya rantse sai ya haɗa ta. Ya bi ƙasa yana neman sauran gutsattsarin. Wani yana gidan tururuwa, sai da ya yi musu noman damina suka ba shi. Wani kada ya haɗiye, sai da ya yi masa sakace. Duk wannan lokaci ƙoren gidansa suna yoyo, matarsa tana ɗebo ruwa da tafin hannu, kafin ta iso gida ya zube. Gutsure na ƙarshe wata tsuntsuwa ce ta yi sheƙa da shi a ƙolin rimi. Gyartai ya tuɓe riga ya fara hawa.

Daga nan ƙarshen labarin ya danganta da abin da Baba ya aikata a ranar. In laifin ƙarami ne, gyartai ya sauko lafiya, ya ɗinke ƙwarya, matarsa ta dama fura a ciki ta tsiyaye ta ramukan ɗinkin. In an sami baƙin mai a jikin tawul, reshe ya karye. In kuwa an taka noti da ƙafa ba takalmi, to kura na jira a gindin rimin.

"Inna," in ji Baba wata rana, bai ko ɗago daga abin da yake gogewa ba, "ai shekaranjiya kura ta cinye shi."

"Ta amayo shi. Ko kura ba ta iya riƙe mai taurin kai a cikinta."

Kullum kuma da nasiha ɗaya take rufewa, tana nuna mu da yatsa: abin da ka fara ka gama shi, wanda ba zai gamu ba ka yar, kada mutanen gidanka su sha ƙishi saboda ƙwaryar da ba ta riƙe ruwa.

Abin mamaki, babur ya tashi. Ina aji biyu a sakandare Baba ya buga kik a bayan gida, ƙara ta cika layin, hayaƙi ya shiga shanyar maƙwabta. Ya kwashe mu har Kaka zuwa wani tsohon ramin fasa dutse a wajen gari, inda tsofaffin Turawa suka taru cikin ruwan sama suna wannan wasa. Ya hau, ya miƙe tsaye, ya haye dutse na farko kamar gaske. A na biyu ya kife cikin rafi. Ya taso yana ɗigar laka yana dariya irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, ya ce giya ta biyu tana da ɗan tsalle. Kafin mako ya zagayo injin ya koma kan jarida. A makon nan kura ta cinye gyartai, ta bi danginsa ɗaya bayan ɗaya.

Ni na ɗauki nasihar Kaka da gaske. Na zama mace mai gama abu, mai zubar da tarkace. Kaka ta koma gida ta rasu a can, Mama ma ta riga mu gidan gaskiya bayan ’yan shekaru. Baba ya koma ƙaramin flat mai ɗaki da falo, ni kuma aikin jinya ya kawo ni Birmingham, muka sami gida mai gareji a unguwar Erdington. Kafin in ankara babur ya iso a bayan motar wani abokinsa, wai na ɗan lokaci. Tun daga ranar motata a titi take kwana, ni ke kankare ƙanƙara a gilashi da asuba. Baba kuma yakan hau bas daga Manchester ran Asabar, da jakar sifanu, ya ce akwai ɗan abin da ya rage.

Bara na gaji. Na sami wani mai sha'awar irin waɗannan babura, muka yi magana zai zo ya gani ya saya. Ɗana Dauda, wanda yanzu ya fi kakansa sanin injin, shi ya tare ni a kicin ya ce da ni cikin Turancinsa na Birmingham babu abin da ke damun babur ɗin. Ya daɗe da gyaruwa. Ya sha ganin kakansa ya kwance abu mai lafiya, ya wanke, ya mayar, ya bar noti ɗaya a sake don mako mai zuwa.

Na shiga gareji a fusace. Baba yana durƙushe, gwiwarsa a kan kwali.

"Baba, babur ɗin nan lafiyarsa ƙalau."

Ya juya sifana a hannu. "Haka Dauda ya ce?"

"Shekara da shekaru ina ajiye mota a waje!"

"To, Saratu," in ji shi a hankali, "mutum ya taso tun daga Manchester ya ce ya zo yin me? Ku kuna da aikinku."

Na ce ya dawo wurinmu gaba ɗaya, akwai ɗaki. Ya ce cocinsa na can, kabarin Mama na can. Na san ba zai taɓa cewa flat ɗin ya yi masa shiru ba, ni ma ban tilasta shi ya faɗa ba.

Har gobe ina ganin Kaka ta yi gaskiya, Mama ta sha ƙishi a gidan nan ba kaɗan ba. Sai dai nasiharta ba ta faɗi abin da mutum zai yi da hannuwansa ba bayan ya gama, yaran sun watse, mai yi masa faɗan ma ta tafi. Na buga wa mai sayen waya na ba shi haƙuri. Da yamma na kai Baba tasha, raina bai gama hucewa ba. Yana ƙoƙarin fita daga motar na ce, ban kalle shi ba:

"Ni kam na ga kamar tayar baya tana ɗan rawa."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

"Kin lura ke ma?" in ji shi. "To kada kowa ya taɓa ta sai na zo."