Akwatin Gem ɗin da Ba Ya Yoyo

Ni dai abin da na nema ba shi da yawa. Akwatin katako ne mai tsawon mutum, da gurbin allon kwamfuta a sama, da ɗan tebur a gaba inda za a dasa sandar juyawa da maɓallai, irin injin gem ɗin nan da ake tsayawa a gabansa ana bugawa. A wani shago na fara ganinsa a Kaduna ina ɗalibi, kuma sha'awar ba ta sake ni ba har furfura ta fara leƙo mini a gemu. Da aiki ya zaunar da ni a Yelwa sai na shiga tara kaya: tsohuwar kwamfuta, allo mai tabo a gefe, maɓallai ja da shuɗi da aka aiko mini daga Legas. Na cusa wa kwamfutar tsofaffin wasanni, na dambe da na tseren mota, duk suka tashi lafiya a kan tebur. Gida kawai ya rage a yi musu.

Niyyata in kai wa kafintan kujeru a nan Yelwa. Inna ce ta ɓata mini shiri. Na je garinmu Wara gaishe su ita da Baba wata Asabar, na yi suɓutar baki na ba ta labari, sai ta ja ni gefe.

"Ka ba tsohonka aikin ga," ta ce. "An daɗe ba a kawo mai jirgi ba, ko na gyara. Wai idonai ya yi rauni, bai ganin kafa tsakanin katako. Shina nan zaune, sai wasa gizago."

Baba kafintan jirgin ruwa ne, kuma abin da yake tinƙaho da shi a duniya guda ne: jirgin da ya fito daga hannunsa bai taɓa yoyo ba. Yanzu ga shi mutane suna wuce rumfarsa da katakonsu, su gaishe shi da ladabi, su kai wa wasu. Ina zan iya cewa a'a? Na amince, ina ganin ai akwati akwati ne.

Na nuna masa hoto a waya. Ya kawo ta daf da fuskarsa ya duba, ya ce, "Wanga ai rumbu na." Na ce a yi da falankin nan mara nauyi da ake yin kabad. Ya ce wannan takarda ce, shi ba ya aiki da takarda. Maɗaci ya samo, mai kauri, irin wanda ake shimfiɗa wa jirgi a ciki. Duk Asabar in zo in tarar da wani sabon abin takaici. Gaban da na ce a yi shi a miƙe ya fito da ɗan lanƙwasa kamar goshin kwalekwale. Ƙusoshi kuwa ko giwa za a ɗaure a ciki sun isa. Ranar da aka tashi matsar da shi daga rumfa zuwa zaure sai da aka kira majiya ƙarfi, suna nishi suna tambayata me na adana a ciki.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ban hango ba shi ne toshiya. Baba ya bi kowace mahaɗa ya cusa mata auduga da bakin kurfi, ɗan ƙarfensa na sassaƙa, ya shafe da kwalta, ya rufe da yankan kwano, daidai yadda yake yi wa jirgi. Ƙofar baya ta zauna daram, sai an sa ƙarfe an ɓamɓare ta. Huji ɗaya ya yarda da shi a baya, na wayar wuta, shi ma da na zura wayar sai ya bi gefenta ya danna auduga.

Muka haɗa da batirin sola muka kunna, a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaza ba ta son fita rana a Wara. Allo ya haska, kiɗa ya tashi, na kama sanda zuciyata fari tas. Ina tsakiyar dambe, na kusa kai abokin karawata ƙasa, sai ɗif. Na ɓamɓare ƙofar baya, wani huci ya bugi fuskata kamar na buɗe tanderun burodi, ga warin kwalta tana narkewa.

"Baba, iska yake so," na ce. "Sai an huda masa kafofi, a sa 'yar fanka ta riƙa fitar da zafi."

"Abin da ba shi da rai, mi za ya yi da iska?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na kawo misalin injin jirgi, na kawo na janareta. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa huda abin da ya gina ba, toshewa aka koya masa. Na ce wannan fa ba tabki za shi ba, falo za shi. Ya ce falon ma ai da damina yakan yi yoyo.

Raina ya ɓaci, na yi abin da ɗan zamani ke yi. Na jira ya tafi ta'aziyya Shanga, na aro injin huda katako, na jera kafofi a baya da gefe, na yi wasa na yini guda ba ko tari. Na koma Yelwa ina jin na gama da shi. Asabar ta gaba na tarar ya sassaƙa wa kowace kafa turke daidai bakinta, ya buga, ya goge, ya shafe da kwalta. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru, ina jin kamar in sa kuka.

Na koma barin ƙofar baya a buɗe. Duk sanda ya gifta sai ya mayar da ita da gwiwa, ko tsayawa ba ya yi. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗa da uba, alhali ita ta haɗa mu.

Sai daga baya na lura da masu zuwa zauren. Ba gem ke kawo su ba. Tsofaffin masunta ne, su shigo su bi mahaɗar katakon da yatsa, su ƙwanƙwasa, su gyaɗa kai. Akwai wanda ya ɗauki buta ya kwarara wa akwatin ruwa a gefe, ina ihu cewa akwai kwamfuta a ciki, ya leƙa ya ga ko ɗigo bai shiga ba, ya ce, "Ashe hannun na nan." Baba yana kan tabarma yana jan carbi kamar bai ji ba, amma na ga yadda ya gyara zama. Har wani ya ce watakila ya kawo jirginsa a duba masa bayan kasuwa. Ni ina ganin injin wasa, shi kuwa shaidarsa ce ya kafa a zaure.

Na gane, amma ganewar ba ta sanyaya kwamfuta ba. Ta fara ɗaukewa tun kafin wasa ya tashi. Na ciro ta na kai wa mai gyara a Yelwa, ya buɗe ta ya ce in aka ƙara dafa ta sau ɗaya, sai dai in nemi wata. Na iso Wara a wuya, na tarar da Baba shi kaɗai a zaure.

"Baba, ku yi haƙuri. Zan ɗauke shi yau, in kai wa kafinta a Yelwa ya yanka masa taga."

Nan take na fara jin kunyar kaina. Sannan ya ce, "Kak ka kai ma wani aikina."

Ya tashi ya zagaya bayan akwatin, ya ce in miƙo masa alli. Na miƙa. Hannunsa ya wuce allin ya kama iska, ya dawo yana lalube har ya taɓa yatsuna. Ban taɓa lura ba sai ranar. Ya durƙusa yana shafa katakon da tafin hannu, fuskarsa na kallon wani wuri daban, yana neman inda ba ƙusa. Ashe duk toshiyar nan da yatsu ya yi ta. Abin da mutane ke faɗa gaskiya ne, kuma ya fi kowa sani. Ya zana wurare can ƙasa, ta ɓangaren da zai jingina da bango, ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Huda nan. Amma ka bari sai na hita. In an tambaya, ka ce kai ka yi, ba da sanina ba."

Ya laluba takalmansa ya nufi bakin ruwa. Na sake aro injin hudar, na tsaya da shi a hannu, duk fushin da na yi makonni ina tarawa ya bi iska, tausayi da baƙin ciki suka maye gurbinsa. Na huda, na ɗaura 'yar fanka, na mayar da kwamfutar, na kunna. Ya yi aiki lafiya lau, har yau bai sake ɗaukewa ba. Ban ji daɗin wasan ranar ba ko kaɗan.

Ban kai shi Yelwa ba. Yana nan a zauren Wara, bayansa manne da bango, sai na je nake bugawa. Wani lokaci wani mai bin diddigi yakan leƙa baya ya ga kafofin, ya tambayi wanda ya yi wannan ɓarna a kan aiki mai kyau haka. Nakan ce ni ne tun kafin ya rufe baki, in ɗaga murya yadda Baba zai ji daga tabarmarsa.